Wasan Da Ba Shi Da Alƙali

Wanda bai taɓa ganin ɗakin wasan fayis ba, ranar da ya fara gani zai rantse magini ne ya yi kuskure. Bango uku ne, gaba da dama da hagu, bayan kuwa a buɗe yake. Daɓen ba a shimfiɗe yake bai ɗaya ba, akwai 'yar matakala da ta raba shi gida biyu, na gaba ya ɗara na baya tudu. Daga bangon hagu wani guntun gini ya turo kai cikin fili, a gindinsa kuma ga wani ɗan lungu wanda in ƙwallo ta faɗa ciki, sai dai a sunkuya a ɗauko ta. Mutum huɗu ke shiga, biyu-biyu, suna dukan ƙwallo da tafin hannu, tana bugun bango tana dawowa ta inda ba a zata ba. Ana samun irin wannan ɗaki a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi da Kaduna, kuma har gobe ana cika shi da yamma.

Magini bai yi kuskure ba. Kowane lungu da saƙo na ɗakin nan kwaikwayo ne na gefen bangon wani coci a ƙasar Ingila. Yadda aka yi wannan bango ya ƙetaro teku da hamada ya zo ya tsaya a ƙasar Hausa, labari ne na ɗalibai, da wasanninsu, da yadda aka bar su suna mulkin junansu, da kuma irin mutanen da wannan tarbiyya ta haifar.

Makarantar Eton tana bakin kogin Thames, daura da fadar Windsor. Sarki Henry na Shida ne ya kafa ta a 1440, kuma sannu a hankali ta zama makarantar 'ya'yan manyan Ingila. Yaranta sukan taru a gindin matakalar coci suna jiran a shiga ibada. Yaro kuwa ba ya jira hannu sake. Sai suka riƙa buga ƙwallo a tsakanin wasu ginshiƙai biyu da ke tallafe da bangon cocin. Ƙarshen makarin matakala ya shigo musu fili ta hagu, ga dandamali, ga magudanar ruwa, duk suka haƙura suka mai da su cikin wasan. A 1840 shugaban makarantar, Dakta Hawtrey, ya sa aka gina ɗakuna musamman don wannan wasa, aka kwaikwayi gefen cocin da duk karkacewarsa. A 1877 wani malami mai suna Ainger da abokansa suka zauna suka rubuta ƙa'idoji. A 1885 Eton ta kara da makarantar Harrow, wasan ya fita daga gida.

Wannan zamani, wato ƙarshen ƙarni na 19, shi ne lokacin da wasanni suka hau kan komai a manyan makarantun kwana na Ingila. Edmond Warre, wanda ya shugabanci Eton daga 1884 zuwa 1905, gwanin tuƙin kwalekwale ne, kuma a zamaninsa yaron da ya iya kurket ko tseren kwalekwale ya fi wanda ya iya karatu kwarjini a idon 'yan uwansa. Ɗalibai kimanin 1,000 ne, an rarraba su gida-gida. Malamai na koyarwa a aji, amma da an tashi, ragama ta koma hannun manyan ɗalibai. Kowane gida yana da kyaftin da 'yan majalisarsa. A saman su duka akwai wata ƙungiya da ake kira Pop, wadda aka kafa a 1811 don muhawara, ta rikiɗe ta zama majalisar ƙoli ta ɗalibai. Su ke zaɓen junansu, suna da tufafin da ba wanda ke sawa sai su, suna da ikon cin tara, har da ikon yi wa na ƙasa bulala. Ƙaramin yaro kuwa baran babba ne: ya hura masa wuta, ya dafa masa shayi, ya je masa aike. Wannan bauta ba a soke ta ba sai wajajen 1980.

Ba don nishaɗi aka tsara haka ba. Masu makarantun sun yi imani cewa wanda aka mulka yana ɗan shekara 13, ya kuma yi mulki yana ɗan 18, shi ne zai iya riƙe ƙasa. Firaministocin Ingila uku na ƙarshen ƙarnin, Gladstone da Salisbury da Rosebery, duk a Eton suka yi karatu. Salisbury ne ke kan mulki ranar 1 ga Janairu 1900 da jagoran Turawa, Lugga, ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ya ce Arewa ta shiga hannunsu. Balfour, shi ma ɗan Eton, shi ke kan mulki a 1903 da aka ci Kano da Sakkwato. Daga baya wani tsohon ɗalibin makarantar, Ralph Furse, ya shafe shekaru masu yawa yana zaɓen samarin da za a turo ƙasashen mallaka su zama di'o da razdan. Ba jarrabawa yake yi musu ba, hira yake yi da su, kuma yana ba da muhimmanci ga ko saurayi ya taɓa riƙe gida a makaranta, ko ya taɓa jagorantar 'yan wasa. Shi ya sa masana tarihi da dama suka lura cewa mulkin da Turawa suka yi mana ta hannun sarakuna ya yi kama da abin da suka saba da shi tun suna yara: babba yana nesa yana kallo, ya bar wa na tsakiya ya riƙe na ƙasa.

A shekarar nan ta 1885 da Eton ke karawa da Harrow, Sarki Muhammadu ya hau gadon sarautar Haɗejiya. Ƙasarsa ƙasar ruwa ce. Da damina kogi yakan cika ya malala cikin fadamu, ya bar shinkafa da kifi da makiyaya, kuma inda abinci yake nan almajiri ke yada zango. Tun da daɗewa in Bahaushe ya ce ɗansa ya tafi gabas neman karatu, Haɗejiya da Barno yake nufi. Da an gama kaka sai malamai su taso da almajiransu, a kafa bukkokin kara a gefen gari, a tara itace, a hura wuta a tsakiya, a kewaye ta da alluna tun kafin asuba.

Tsangaya ma makarantar kwana ce, kuma ita ma ɗalibai ke riƙe da ita. Ƙaramin yaro kolo ne. In ya ɗan tasa ya zama titibiri. In ya zama saurayi ya zama gardi. Daga nan sai malam, sai alaramma wanda ya haddace ya kuma rubuta, sai gwani. Alaramma ba ya bin kowane yaro. Gardi ne ke tashin yara da asuba, shi ke biya musu, shi ke duba wanda ya wanke allo bai kiyaye ba, shi ke raba aiki, wa zai je itace, wa zai ɗebo ruwa, wa zai tafi gonar malam. Bulala ma a hannunsa take. Alhamis da Juma'a ranakun hutu ne, a yi wanki, a yi iyo a kogi, in farin wata ya fito a yi langa da kokawa a kan yashi. Kolo yana yi wa gardi hidima, yana sane da cewa wata rana shi ma za a yi masa.

Bambanci ɗaya ne babba tsakanin makarantun biyu. A Eton sai mai hali ke kai ɗansa, in ban da 'yan ƙalilan da suka ci gurbin karatu, kuma ƙarfin dantse a filin wasa na iya kai yaro majalisar ƙoli. A tsangaya ƙofa a buɗe take ga ɗan masunci da ɗan sarki, kuma ba abin da ke ɗaga mutum sai abin da ke cikin kansa. Ba a zama gwani da gado.

Waɗannan duniyoyi biyu sun haɗu, kuma ba da sallama suka haɗu ba. Bayan faɗuwar Kano da Sakkwato, Haɗejiya ba ta sunkuyar da kai yadda Turawa suke so ba. A watan Afrilu 1906 Lugga ya turo runduna ƙarƙashin Kanar Lowry Cole. Ranar 25 ga wata aka yi artabu a cikin ganuwa, dawaki da takubba da masu a gefe guda, bindigogi masu aman wuta a ɗaya gefen. Sarki Muhammadu ya faɗi tare da wasu 'ya'yansa da jarumansa masu yawa, shi ya sa har yau ake ce masa Mai Shahada. Mutanen da suka binne waɗannan gawarwaki, ba sai an tambaye su ra'ayinsu game da makarantar Nasara ba. Ko da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, iyaye da yawa ɓoye 'ya'yansu suka yi. Labari ne sananne a ƙasar Hausa cewa wasu hakimai da aka ce su kawo 'ya'yansu, 'ya'yan barorinsu suka tura.

Shekara 16 bayan yaƙin Haɗejiya, ranar 5 ga Maris 1922, Gwamna Hugh Clifford ya tsaya a Katsina ya buɗe kwalejin horar da malamai, wadda ta soma karatu tun a shekarar da ta gabata. Ya bayyana dalilin zaɓen Katsina: gari ne da aka sani da ilimi tun zamanin da, kuma yana nesa da layin dogo da hayaniyar kasuwanci, don haka ba abin da zai ɗauke wa ɗalibai hankali. Akwai dalili na uku, shi ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, mutumin da ya je Makka ya kuma ga Ingila da idonsa, mai son dawaki da wasan folo, wanda bai ji tsoron sabon abu ba. Da jar ƙasa aka gina kwalejin, ginin Hausa mai zanko da azara, kuma yana nan tsaye har yau an mai da shi gidan tarihi.

Daga kowane lardi aka riƙa tsamo yara ƙalilan. Yaron da ya fito daga Haɗejiya sai ya bi ta makarantar lardi a Kano tukuna, don a lokacin Haɗejiya tana cikin Lardin Kano, kuma sai wajajen 1930 jirgin ƙasa na Nguru ya fara tsayawa a Malam Madori. Kafin nan ƙafa ce da jaki. 'Yan Sakkwato sukan yi kusan mako guda suna tafiya kafin su hango ganuwar Katsina. Duk wanda ya shiga sai a ba shi lamba, kuma lambar nan ta bi shi har kabari. Ahmadu ɗan Raba, jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya shiga a 1926, lambarsa 87. Abubakar daga Tafawa Ɓalewa, wanda ba ɗan sarauta ba ne, ya shiga a 1928, lambarsa 145. Tsakaninsu akwai Abubakar Imam daga Kagara, wanda ya shiga a 1927. Kafin su akwai Kashim Ibrahim, Babarbare daga Yerwa, da ya shiga a 1925. Ga Aliyu, Banufe, wanda daga baya ya zama Makaman Bida. Ga Isa Kaita, ɗan gida.

Karatun shekara biyar ne: Ingilishi da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa, sai Larabci da addini a hannun malamai irin su Malam Bello Kagara. Turawan sun matsa ƙwarai a kan lafazi, har ya zama ana gane ɗan Kwalejin Katsina da ya buɗe baki. Muryar da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi wa duniya jawabi da ita a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960, a waɗannan azuzuwa na ƙasa aka goge ta. Ba a raba ɗalibai da rigunansu da hulunansu ba, ba a kuma hana su salla ba. Amma tsarin zaman, daga sama har ƙasa, na makarantun kwana na Ingila ne. An raba su gida-gida, daga cikin sunayen gidajen akwai Illela da Hankaka. Kowane gida da shugabansa daga cikin manyan ɗalibai, shi ke kula da tsabta da lokaci da ladabi, shi ke sasanta rigima kafin ta kai kunnen Bature. Da la'asar kuwa kowa sai ya fita fili, ba uzuri: kurket, ko hoki, ko guje-guje, ko fayis, gida na karawa da gida.

Wani abin lura shi ne yaran nan ba su ga baƙon abu ba a cikin mulkin ɗalibi a kan ɗalibi. Kusan dukansu sun zauna gaban allo kafin su riƙe fensir. Sun san gardi, sun san girman na gaba, sun san ba a ƙetare babban ɗalibi a kai ƙara wurin malam. Abin da ya zo musu sabo shi ne haɗa Basakkwace da Babarbare da Banufe da Bayaraben Ilori a gida ɗaya, a ƙarƙashin shugaba ɗaya, a ce su haɗa kai su ci gidan da ke maƙwabtaka da su a wasa. Kakannin wasunsu sun yi yaƙi da juna. A filin wasan Katsina aka fara ganin Arewa a matsayin abu guda, tun kafin a sami jam'iyyar da za ta kira sunanta.

Wasan fayis ya shigo ne a shekarun 1920, kuma ana danganta kawo shi ga wani malamin makaranta Bature mai suna Hogben, wanda ya yi aiki a Birnin Kebbi da Katsina. Ya dace da ƙasar ƙwarai. Kurket yana son fili mai faɗi da kaya masu tsada da yini guda. Fayis kuwa bango uku ne, magina na gida za su iya tayar da shi da tubali, kuma cikin rabin sa'a gumi ya jiƙa mutum sharkaf. A Ingila da 'yar ƙwallo mai tauri ake yi, a sa safar hannu ta fata. A nan aka koma ƙwallon tanis da tafin hannu tsirara, wasan ya ƙara sauri, ƙwallo na tashi sama.

Amma abin da ya fi komai ban mamaki a wasan shi ne, a ƙa'idarsa ta asali ba shi da alƙali. Ko a gasar ƙoli ta Ingila, 'yan wasa huɗun nan su ke yi wa kansu hukunci. In ƙwallo ta taɓa ƙasa sau biyu kafin ka doke ta, sau da yawa ba wanda ya gani sai kai, kuma kai ne za ka ɗaga murya ka ce ta faɗi. In ka tare wa abokin karawa hanya, kai ne za ka ce a sake. Ga gudu, ga haki, ga 'yan gidanku sun yi cincirindo a baya suna jiran ka ciyo musu, saura ci ɗaya a tashi, sannan ka buɗe baki ka ba da shaida a kan kanka. Wanda ya yi ƙarya sau ɗaya ko sau biyu ba a kai shi ƙara ko'ina. Gobe dai in ya zo, sai ya rasa wanda zai shiga ɗaki da shi. Yaron da aka karantar da shi cewa Allah na ganinsa ko a cikin duhu, ya sami inda zai gwada wannan karatu kowace yamma.

Ahmadu Raba ya kamu da son wasan nan tun yana ɗalibi, ya kuma yi fice a cikinsa. Ya gama a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya zama hakimin Raba a 1934, aka naɗa shi Sardauna a 1938, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, duk bai bar fayis ba. A Kaduna ministoci da manyan ma'aikata sun san in yamma ta yi, a ɗakin fayis za a same shi.

Tsarin yana da nasa aibin, kuma aibin ba ƙarami ba ne. Lambar Abubakar Tafawa Ɓalewa kaɗai ta isa shaida: shekara bakwai da fara karatu, ɗalibi 145 kacal aka ɗauka, a yankin da ƙidayar 1931 ta nuna mutanensa sun haura miliyan 11. Babu mace ko ɗaya. An kafa kwalejin ne don masarautun Musulmi, don haka 'ya'yan sauran al'ummun Arewa suna waje. Ba a shirya ta don ta kai kowa jami'a ba, malaman makaranta da ma'aikatan En'e ake so, masu ladabi, waɗanda ba za su ɗaga wa sarki ko razdan murya ba. Lokacin da Kudu ke da lauyoyi da likitoci, Arewa tana ƙirga malaman Midil da yatsu. Sa'adu Zungur, wanda ya bar Katsina ya tafi Babbar Kwalejin Yaba a 1934, shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga can. Wannan giɓi har yau ba mu gama cike shi ba.

Mulkin ɗalibi a kan ɗalibi ma, in ba mai sa ido, yakan zama zalunci, ko a Eton ko a tsangaya ko a Midil. Ba kowane yaro ne ya haɗiye ba. A tsakiyar shekarun 1930, a Midil ta Kano, wani ɗalibi ɗan gidan malamai mai suna Aminu ya jagoranci 'yan uwansa suka yi yajin karatu saboda ƙarancin sabulu da rashin kyawun abinci da tsananin dokoki. Yana cikin yajin ɗalibai na farko-farko a ƙasar nan. Wannan yaro shi ne Malam Aminu Kano, wanda daga baya ya shiga kwalejin, ya ƙarasa karatunsa bayan an mai da ita Kaduna a 1938.

Abin da Turawa ba su lissafa ba shi ne, wanda ka koya wa riƙon gida, wata rana zai nemi riƙon ƙasa. Da Rupert East ya shirya gasar rubuta littattafan Hausa a 1933, mutanen Kwalejin Katsina ne suka fi yawa cikin waɗanda suka yi nasara: Abubakar Imam da Ruwan Bagaja, Bello Kagara da Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shaihu Umar. A 1939 Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. A watan Agusta 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, ya faɗi abin da talakawa ke sha a hannun masu sarauta, maganar da ba a taɓa jin irinta a zauren ba. A wannan watan aka kafa NEPU a Kano, jam'iyyar da Malam Aminu ya zama jagoranta. Cikin shekaru kaɗan lamba 87 ya zama Firimiya, lamba 145 ya zama Firaministan Nijeriya a 1957, Makaman Bida ya riƙe kuɗin Arewa, Isa Kaita ya riƙe ayyuka sannan ilimi, Kashim Ibrahim ya zama Gwamnan Arewa a 1962. Masu mulki da masu adawa, makaranta ɗaya ta yaye su. Kwalejin ta koma Zariya a 1949, ta karɓi sunan Barewa a 1971, kuma shugabannin Nijeriya biyar suka fito daga cikinta: Tafawa Ɓalewa, Yakubu Gowon, Murtala Muhammed, Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa.

A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyensa zuwa Ingila, Sardauna ya ziyarci Eton kanta, ya shiga ɗakin fayis ya yi wasa da masu gida. Jinin waɗanda aka ci da yaƙi a 1903 ya je makarantar da ta yaye masu mulkin Ingila, yana shugaban gwamnatin Jihar Arewa, ya buga wasansu a kan ƙa'idarsu. Bayan kisansa a Janairu 1966 wasan bai bi shi ba. Ana yin gasar Kofin Sardauna, jihohin Arewa na karawa da juna. A Ingila har yau fayis ya fi yawa a makarantun masu kuɗi. A Katsina kuwa tela da ɗan kasuwa da ma'aikaci da ɗan sarki ke haɗuwa a ɗaki ɗaya, 'yan kallo su cika baya maƙil, abin da ba kasafai ake gani a garin da aka ƙago wasan ba. Kurket ya ja baya a yawancin garuruwan Arewa, fayis ya zauna, domin mutane sun karɓe shi sun gyara shi daidai da hannunsu da aljihunsu.

Yau ƙasar Haɗejiya tana da abin da Sarki Muhammadu da Gwamna Clifford ba su taɓa tsammani ba. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 makarantu sun yawaita. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a cikin gari, ga Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, ga sakandare a kowace ƙaramar hukuma, maza da mata, ga tsangayu na nan ba su gushe ba. Yawan da Katsina ta kasa samarwa, yanzu akwai shi. Abin da ya kamata mu tambayi kanmu shi ne ko muna ba waɗannan dubban matasa abin da ɗari da 'yan kai suka samu a gidajen ƙasa na Katsina, da abin da gardi ya samu a bakin wutar tsangaya.

Ba bulala nake nufi ba, ba kuma bautar ƙarami ga babba ba. Waɗannan su tafi, Allah ya raka taki gona. Ina nufin amana ta gaske: a ba ɗalibi riƙon ɗakin kwana da kuɗin ƙungiya da jagorancin 'yan wasa, a bar shi ya yanke hukunci, sannan malami ya zauna da shi ya bi diddigin abin da ya yi. A bar ƙungiyar ɗalibai ta yi zaɓenta ba tare da 'yan siyasar gari sun saye ta ba, ba kuma tare da hukumar makaranta ta naɗa 'yan amshin shata ba. A saurari mai ƙorafi irin Aminu kafin ƙorafinsa ya zama yaji. A ware filin wasa a tsare shi daga masu yanka filaye, a fitar da yara kowace yamma, a koya musu faɗin gaskiya a kan kansu ko da za ta jawo musu faɗuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ba a taɓa damƙa masa mutum 20 yana ɗan shekara 18 ba, ba a kuma taɓa tambayarsa yadda ya riƙe su ba, zalunci ne gare shi da gare mu a wayi gari a damƙa masa ƙaramar hukuma yana da shekara 50, a ce ya yi adalci.